Wuta ta ci mini memwar ɗin ɗiyar mutane, wane onduler zan saya da jika 60?

Maman Nana (Talaje, Yamai):

Assalamu alaikum ƴan uwa, ina wuni, ya zafi? Don Allah masu sanin harkar lantarki ku ba ni shawara, don jiya saura kaɗan in yi kuka gaban ɗiyar mutane.

Aikin buga takardu nake yi a gida. Yawancin masu kawo mini aiki ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni ne masu rubuta memwar, wato kundin kammala karatu, sai takardun neman aiki da katin biki jefi-jefi. Kayan aikina ba su da yawa: kwamfutar tebur, irin mai akwati daban allo daban, ta hannu na saye ta shekara 4 ke nan, allo mai inci 19, firinta mai leza baƙi da fari, sai ɗan akwatin wifi. Dukansu a kan ralanj ɗaya suke, wayar nan mai ramukan jonawa da yawa. Ɗakin kuwa yamma yake kallo, rufin kwano ne ba silin, da la'asar sai ka rantse tanda ce.

Jiya wajen ƙarfe 3 ina cikin gyaran babi na uku na wata yarinya, shafi 40 da ƴan kai, cike da teburan lissafi da na sha wahala kafin su zauna daidai, sai wuta ta yi ɗif. Ko minti biyu ba ta yi ba ta dawo. Ina kunna kwamfutar ta sake tafiya, ta sake dawowa. Windows ta tsaya tana juya ɗige-ɗigen nan nata kusan rabin awa, wai tana gyara kanta. Da ta gama, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa ƙememe. Kofin da ke cikin kile USB na shekaranjiya ne, wato aikin kwana biyu ya tafi. Yarinyar tana zaune kan tabarma tana kallona, ran Litinin za ta kai wa malaminta. Ba ta ce komai ba, kuma wallahi shirun ya fi zagi ciwo.

Akwai wani tsohon onduler (akwatin batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ƴan Najeriya UPS suke ce masa) da ƙanen maigidana ya kawo mini bara daga wurin aikinsu, an rubuta 650VA a jikinsa. Ranar da na gwada shi, da wuta ta tafi kuka ɗaya ya yi ya mutu tare da kwamfutar. Tun ranar yake ƙarƙashin gado.

Yanzu na ɗauki adashe, ina da jika 60 a hannu, wato sefa dubu 60. Da safe na leƙa kasuwa, wani mai shago ya nuna mini mai 1500VA ya ce zai riƙe ni awa uku har da firinta. Na tsaya ina wasi-wasi, don na ga yana ta kallon jakata. Ni dai abin da nake so, in an ɗauke wuta in ci gaba da aiki, tunda a watan Afrilu da Mayu sai ta yi awa biyu uku ba ta dawo ba. Gaskiya ya faɗa mini? Shi kuma na ƙarƙashin gadon, gawa ne ko yana tashi?

Baba Mai Gyara (Katako):

Wa alaikumus salam Maman Nana. Allah ya mayar da alheri, ya kuma saka wa yarinyar nan da ta yi haƙuri.

Kin yi dabara da kika dawo da kuɗinki gida. Awa uku ɗin nan babu ita. Lambar VA da suke rubutawa da manyan baƙi a kan kwali ba tsawon lokaci take nufi ba, nauyin da injin zai iya ɗauka ne a lokaci guda. A ƙananan na kasuwa, wat ɗin gaskiya kusan kashi 60 cikin 100 ne na lambar: mai 650VA wat 360 zuwa 390, mai 1000VA wat 600, mai 1500VA wat 900. Irin kwamfutarki da allonta, in rubutu kawai kike yi, tsakanin wat 100 da 150 suke ci. Kin ga ko ɗan 650 ɗin ma ba nauyi ne zai kayar da shi ba.

Lokaci kuwa batir ke bayarwa. In kika buɗe mai 650VA, batir guda za ki tarar, volt 12, 7Ah. Ki ninka 12 da 7, 84 ke nan. Ki raba 84 da wat 150 na kwamfuta, a takarda ya ba ki rabin awa da ɗan ɗoriya. Amma batirin dalma in ana zuƙarsa da sauri ba ya ba da duk abin da ke cikinsa, shi ma injin yana cin nasa rabon wajen mayar da volt 12 zuwa 220. A zahiri minti 10 za ki samu, in batirin sabo ne ƙila ya ɗan haura. Mai 1500VA yawanci batir biyu ne masu 9Ah, to ki sa ran rabin awa, in an yi sa'a minti 40. Ki koma ki ce wa mai shagon ya buɗe ya nuna miki inda ya ɓoye sauran awa biyun.

Wannan ɗan akwatin ba gurup ba ne, wato janareta, ba kuma don a ci gaba da aiki aka ƙera shi ba. Aikinsa ya tare irin ƙiftawar da ta yi miki ɓarna jiya, ya kuma ba ki ƴan mintocin da za ki adana aiki ki kashe kwamfuta da hannunki. Akwatin wutar da ke cikin kwamfuta yana iya jure yankewa na ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, wajen kashi 16 cikin 1000 na daƙiƙa. Onduler kuma yana juyawa kan batir cikin ƙasa da kashi 10 cikin 1000. Shi ya sa kwamfutar ba ta ma sanin an ɗauke.

Firinta mai leza kuwa, ki cire ta daga lissafin gaba ɗaya. A cikinta akwai abin da ke gasa hoda ya manna ta a takarda, zafinsa ya kusa digiri 200, shi ya sa takarda ke fitowa da ɗumi. Lokacin da yake ɗaukar zafi yana fizgar wat ɗari-ɗari, wani ma ya kusa dubu. Kina jona ta a onduler zai yi ƙara ya yanke, ya tafi da kwamfutar. Ina ma zargin ranar da kika gwada naki, ralanj ɗin gaba ɗaya kika jona masa. Firinta ta tafi piriz ɗin bango ita kaɗai.

Na ƙarƙashin gado kuma, a goma da ake kawo mini da irin wannan ciwon yawancinsu batir ne kawai ya mutu. Masu ƙera batiran nan a kan digiri 25 suke lissafin shekara 3 zuwa 5 da suke faɗa, kuma duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanan batir biyu. Mu nan da bazara muna haura 40 a inuwa, balle ɗakin kwano mai kallon yamma. In ya yi miki shekara ɗaya da rabi, ya yi ƙoƙari. Ga shi kuma ya yi shekara kwance ba caji, batirin dalma kuwa zaman banza ma kashe shi yake.

Ki kai shi wurin mai gyara na kusa da ke, kada ki buɗe da kanki. A sa masa sabon batir 12V 7Ah, amma ki ce a auna sabon da mita a gabanki. In bai kai 12.6 ba, ya daɗe a shago, ki ce a canza. Ki bar shi kan wuta awa 8 kafin ki gwada. In har allon wayoyinsa na ciki ne ya ƙone, sai ki sayi sabo mai 650 ko 1000VA, ki duba wanda aka rubuta AVR a jikinsa. Shi wannan in wuta ta yi rauni ta sauko 180 ko 170, irin ta bayan magariba da kowa ya kunna fanka da firji, yana ɗaga ta da kansa ba tare da ya taɓa batir ba. Marasa AVR duk ɗan raunin wuta sai su hau batir, kafin a ɗauke ta gaskiya sun riga sun gaji.

Ɗan Bukoki:

Anti ga hanya mai sauƙi. Ki cire ƙaramin batirin ki ja waya biyu waje ki haɗa da batirin mota. Abokina haka ya yi a shagonsa na cajin waya, yana kai awa biyu cur. Jika 60 ɗinki ma sai kin samu canji.

Baba Mai Gyara (Katako):

Ɗana, ka je ka taɓa bayan injin abokin naka in ya yi minti 40 yana aiki, ka dawo ka ba mu labari. Ƙananan nan ba su da fanka a ciki, an ƙera su ne da sanin cewa batir zai ƙare kafin taransifoma ta yi zafi. Ka ba shi babban batir, ka cire masa birki ke nan. Cajar da ke cikinsa ma ƴar ƙarama ce, sai ta kwana biyu ko fiye ba ta cika batirin mota ba, alhali a nan kullum ake ɗaukewa. Shi kansa batirin mota don tayar da inji na ƴan daƙiƙoƙi aka yi shi, in ana sauke shi ƙasa kullum ƴan watanni zai yi. Sannan mai ruwa ne, yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji. Shagon caji a buɗe yake a bakin titi. Ita ɗaki ne mai takardu, ga ƙaramar yarinya tana rarrafe.

Mushe Ɗan Adar (Tawa):

Salamu alaikum. Gaisuwa ga Baba Mai Gyara, bayani ya yi. Malama, ni zan yi magana kan ɗaya rabin tambayarki, wato son ci gaba da aiki, don na bi hanyar nan da ƙafata.

Ni malamin lissafi ne, a gida nike buga jarrabawa da sakamakon yara. Kowa ya tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa, kuma ba a maido ta ba sai Maris 2024, bayan CEDEAO ta ɗage takunkumi. A watannin nan ne na gane onduler ɗina ba ya da amfani in wutar ba ta zama ta awa 6 ko 8 da zai cika. Ana kawowa awa biyu a ɗauke, shina nan rabi-rabi kullum, har batirin ya mutu cikin ƴan watanni.

Ga lissafin da na yi wa kaina. Wat 150 sau awa 3, 450 ke nan, ki ƙara abin da injin ke ci. Batir babba mai 12V 100Ah shina da 1200, amma in na dalma ne rabi kawai ake taɓawa in ana son ya daɗe, saura 600. To wannan ne girman batirin da ke ba da awa ukun da mai shago ya yi miki alkawari, kuma nauyinsa ya kusa kilo 30. Sai an haɗa mishi inbata, mai maida wutar batir ta zama irin ta gida, da caja. Jika 60 ba ta kai nan, gaskiya ɗaya ce. Batirin litiyom irin LiFePO4 ya fi jure saukewa, ana cin kashi 80 zuwa 90 na cikinsa, ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, amma kuɗinsa na farko ya fi zafi.

Da na ga haka sai na juya lissafin: maimakon in ƙara batir, in rage ci. Na saida ta tebur na sayi laftof ta hannu. Ita wat 30 zuwa 45 take ci ana rubutu, batirinta kuma shi ne onduler ɗinta, wuta ta ƙifta sau goma ba ruwanta. Daga baya da munka samu hali munka sa fanel ɗin sola da batir guda, yanzu laftof, wifi da fanka suna wuni. Rana dai ba mu rasa ta ba a ƙasar nan. Ga tashar sola ta Malbaza nan kusa da mu tun 2018 mai megawat 7, ku ma kuna da ta Gorou Banda mai megawat 30. Jami'ar ma da ɗalibanki ke zuwa, sunan masanin makamashin rana ta ɗauka, Abdou Moumouni Dioffo, wanda ya shugabanci ONERSOL, hukumar makamashin rana ta ƙasa, shekaru da dama.

In wata rana kinka sa inbata kuma kina nan da ta tebur, ki tambaya ko shina da yanayin da anka rubuta UPS. Wasu suna jinkirin juyawa, fitila ba ta damuwa amma kwamfuta sai ta mutu ta sake tashi.

Sai maganar damina, tunda ta kusa. Kada ki dogara da onduler in hadari ya taso. Kariyar da ke cikinsa ta ƙananan tsalle-tsallen wuta ce, ita ma sai gidan na da wayar ƙasa, ta ukun nan da ake haɗawa da sandar jan ƙarfe a binne. Gidaje da yawa waya biyu kawai anka ja musu. Ni tsawa ta taɓa cin mini akwatin wifi da caja a dare guda, tun daga nan da na ga gabas ta yi baƙi nike zare komai daga bango.

Hajiyar Ofis (Lazare, Yamai):

Maman Nana ƴar uwa, maza sun yi ta lissafin batir sun manta da yarinyar da ke jiran aikinta ran Litinin. Kada ki goge fayil ɗin nan, kada kuma ki adana wani abu da sunansa. Ki fara yin kofinsa a kile. Sannan ki buɗe Word ita kaɗai, ki shiga Fichier, Ouvrir, Parcourir, ki zaɓi fayil ɗin da dannawa ɗaya, ki taɓa ɗan kibiyar da ke gefen Ouvrir, za ki ga Ouvrir et réparer. In bai yi ba, ki duba Récupérer des documents non enregistrés a ƙasan jerin takardun kwanan nan. Ba kullum ake dacewa ba, amma ni ya sha fitar da ni kunya.

Word tana ajiye kofin gaggawa duk minti 10 in ba a canza mata ba. Ki shiga Options, Enregistrement, ki mayar da shi minti 2. Ni kuma shekara da shekaru ina aikin sakatariya, ɗan yatsana ya saba, duk ƙarshen sakin layi sai ya danna Ctrl da S ko ban sani ba. Memwar kuma kowace safiya sabon suna nake ba shi da kwanan wata, in na yau ya lalace na jiya na nan. Da yamma in tura wa mai shi ta WhatsApp ko imel, ya zama yana hannun mutum biyu.

In an gyara onduler ɗin ki duba bayansa ko akwai ramin USB irin na firinta. In akwai, ki haɗa shi da kwamfutar. Wasu Windows tana ganinsu kamar batirin laftof, wasu sai an sa manhajarsu. Sai ki saita ta kashe kanta in batir ya yi ƙasa. Mu mata ana cikin aiki za a kira ki kicin ko yaro ya faɗi, wuta ta tafi ba kya kusa, minti goman su ƙare a banza.

Maman Nana (Talaje, Yamai):

Na dawo da labari. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ƙara sani.

Hajiya, Allah ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa mini. Ouvrir et réparer ɗin nan ya dawo mini da aikin har shafi na 31. Tebura biyu sun wargaje, sauran na sake bugawa daren Asabar har ƙarfe 2. Yarinyar ta kai aikinta ran Litinin, har da kawo wa Nana biskit.

Baba, zarginka gaskiya ne, ralanj ɗin duka na jona masa wancan karon, har da firinta. Na ciro shi daga ƙarƙashin gado na kakkaɓe ƙura, maigida ya kai ni wurin wani mai gyara a babur. Da ya buɗe, batirin ya kumbura kamar fanke, da ƙyar ya zaro shi. Na ce a auna sabon a gabana, sai ya ɗago ya dube ni ya ce wa ya koya mini. Na farko 12.1 ya nuna, na ce ban so. Na biyu 12.8. Ko kwatan kuɗina ban kashe ba. Tsohon batirin na bar masa, ya ce akwai masu sayen dalmar.

Ya kwana a kan wuta. Da safe na kunna kwamfuta, allo da wifi, ban buɗe aikin kowa ba, na kashe wutar ɗakin ina kallon agogon waya. Minti 11 ya yi kafin kukansa ya koma sauri-sauri, sai na kashe da kaina. Jiya Laraba an ɗauke sau uku, biyu ƙiftawa ce kawai, allon ko motsi bai yi ba. Ta ukun da na ga ta wuce minti biyu na adana na kashe na je na ɗora tukunya. Ramin USB kuwa babu a nawa, sai dai in riƙa kasa kunne.

Na matsar da teburin daga bangon yamma, onduler ɗin na ɗora shi kan ɗan benci inda iska ke ratsawa, na kuma hana a riƙa rufa masa ƙyalle, don ƙanwata komai ta gani sai ta lulluɓe shi saboda ƙura. Mushe, maganarka ta laftof ta zauna mini. Sauran kuɗin na mayar wa uwar adashe ta riƙe mini, in na ɗauki zagaye na gaba sai in haɗa. Ɗan Bukoki, kai ma na gode, amma ka ji abin da Baba ya ce, ka je ka taɓa injin abokinka.

Saura abu guda. In an ɗauke wuta da dare sai ya kama tit, tit, ya tayar da Nana daga barci. Akwai yadda ake rufe masa baki?

Baba Mai Gyara (Katako):

Madalla ƴata. In kin tashi aiki kin kashe kwamfuta, ki danna maɓallin gabansa ki kashe shi, amma ki bar wayarsa a bango. Yawancinsu suna ci gaba da caji a haka, kuma ba zai yi kuka ba, ba zai zubar da batirinsa a kan wifi cikin dare ba. Ki ɗauki alƙalamin maka ki rubuta watan da aka sa batirin a jikinsa. Kafin zafin baɗi ya kama, ki sake gwajin agogon nan. In minti 11 ta koma 4 ko 5, ki nemo wani.